Hannun da Lauya Bai Ɗaga Ba

Asabar, 6 ga Satumba

Gwiwa ta hana ni wasa yau ma. Na zauna a benci ina riƙe musu maki kamar mai gadin takalma. Dogo direba ya ce, "Bakanike, kana gyara birkin bas, ka kasa gyara naka?" Na ce masa ya fara koyon tsayawa a tasha tukuna, fasinjoji sun gaji da bin sa da gudu.

Shekara tara ke nan ina zuwa filin ƙwallon kwandon nan na bayan garejinmu, kowace Asabar da hantsi. Siminti duk ya tsattsage, kwando ɗaya ma ba shi da raga. Amma a ƙasar nan shi kaɗai ne wurin da ba na jin ni baƙo ne. Ba mu da alƙalin wasa. Dokarmu ɗaya ce, kuma na tarar da ita: wanda ya yi keta shi zai ɗaga hannu da kansa ya ce "tawa ce," a ba wa ɗaya ɓangaren ƙwallo. Wanda aka yi wa ba ya magana. In gardama ta tashi, na kan benci ake tambaya, abin da ya faɗa ya zauna.

Da la'asar Lauya ya kira. Ƙanin matata. Yana takarar kansilan unguwarmu, zaɓe ranar sha ɗaya ga watan gobe. Abu biyu yake so. Zai zo filin sati mai zuwa ya yi wasa, a ɗauki hoto. Sannan ranar ashirin da bakwai in tashi a taron ma'aikatan gareji in yi magana a kansa. "Yaya, kai ba ka yabon kowa, duk unguwa ta shaida. In ka yabe ni an gama."

Zan yi. 'Yan siyasa ba su taɓa burge ni ba, amma wannan shi ya ɗauko ni daga tasha ranar da na sauka, shekara goma sha ɗaya baya. Wata uku ina kwana a falonsa. Shi ya nemo min aikin nan. Kuma a hannunsa fayil ɗin kawo matata da 'yarmu Uwata yake, shekara huɗu yanzu.

Na tambaye shi labarin fayil ɗin, kamar kullum. Kamar kullum: "Ofishin shige da fice ne ke jan ƙafa, Yaya. Ka san su."

A watan Janairu Uwata za ta cika sha takwas. Daga ranar ta tashi daga yarinya a wajensu, ba za ta iya shigowa a ƙarƙashina ba. Ya ce kada in damu.

Talata, 9 ga Satumba

Bas uku yau, duk birki. Uwata ta turo hoto. Ta fi uwarta tsawo. A waya na ga 'yata ta girma, kamar labarin wani.

Asabar, 13 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Lauya ya zo da sabon takalmi fari tas, da mai ɗaukar hoto. Mutum biyar suna layi suna jiran a cire wasu su shiga, sai Dogo ya ce a bar baƙo ya fara. Shi bai nema ba, in faɗi gaskiya. Bai kuma ƙi ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki: ya iya. Wallahi ya iya. Hannun hagunsa kamar an auna, sau uku a jere ƙwallo ta faɗa ko zobe ba ta taɓa ba. Har na ji wani alfahari ya taso min, wai surukina ne. Sai dai ba ya miƙa wa kowa. Mutum zai tsaya shi kaɗai a ƙarƙashin kwando yana ɗaga hannuwa, Lauya ya kalle shi ya jefa daga nesa. Ya ja rigar Dogo har ta yage a hammata, bai ɗaga hannu ba. Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan kai ke kai ƙarar kanka." Ya ce ai ya ji dokar, doka mai kyau, irin ta yake so ya kai majalisa. Aka sake dariya.

Goma da goma, wanda ya ci ɗaya ya gama. Wani ɗan filinmu, Mai Burodi, ya ƙwace ƙwallo. Ɗan guntun mutum ne, 'ya'yansa huɗu, amma in ya tashi sama sai ka rantse ba ya da nauyi. Ya yi tsalle. Ƙafafunsa biyu suna sama. Lauya ya shigo ta ƙasa ya sa kafaɗa a ƙugunsa ya tura.

Ko yaro a filin nan ya san ba a taɓa wanda ke sama.

Ƙarar da na ji ba zan iya rubuta ta ba. Kamar an karya busasshen rake. Ya sauka a kan hannun damansa.

Ba wanda ya kalli Mai Burodi da farko, kowa hannun Lauya yake kallo. Jira ake ya tashi sama. Ni ma jira nake, a raina ina cewa ɗaga, ɗaga mana, don Allah. Sai ya buɗe tafukansa, ya ɗage gira, ya karkata kai gefe kamar mai jin tausayi. "Santsi ya kwashe shi. Ni ban taɓa shi ba."

Dogo ya juyo. "Bakanike, kai ke benci."

Taku uku ne tsakanina da wurin. Na ga kafaɗar. Na ga har inda rigar Mai Burodi ta lotsa.

Na ce, "Rana ta kashe min ido. Ban gani ba."

Bencin nan baya yake ba wa rana da hantsi. Don haka ma aka ajiye shi a wurin. Kowa ya sani.

Mai Burodi yana kwance a siminti, ya ɗago ya kalle ni. Bai ce komai ba, dokar ta hana shi.

Lauya ne ya kai shi asibiti a motarsa, wannan kam ya yi. Ya rungumo shi har bakin mota. Mai hoto yana ta aikinsa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ba ketar ce ta girgiza ni ba. Ni ma na taɓa fasa wa mutum leɓe a filin nan, na ɗaga hannu, aka wuce wurin. Fuskar ce. Yadda ta zo masa nan take, ba ko inda-inda.

Ni kuma fa? Nawa bakin ma ai bai yi inda-inda ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Ina cikin rami a ƙarƙashin bas, sifana a hannu, sai kawai ta faɗo min. Girar nan. Karkata kan nan. Na san su. Su nake gani duk lokacin da na zauna a ofishinsa na tambayi fayil.

Sifana ta suɓuce ta doke ni a haƙarƙari. Shugaban sashe ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na ce giris ne.

A'a. Shaiɗan ne ke raya min. 'Yar yayarsa ce fa.

Da na tashi aiki na ga sabuwar fasta a jikin katangar gareji. Lauya rungume da Mai Burodi, shi kuma fuska a yamutse don ciwo. An rubuta a ƙasa: Mai Tallafar Wanda Ya Faɗi. Na tsaya ina karantawa sau uku kamar wanda bai iya karatu ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na biya gidan burodin. Karaya biyu a wuyan hannu, an naɗe masa har gwiwar hannu, sati shida aƙalla. Matarsa ce a gaban tebur tana mulmula ƙullu, ba ta saba ba, burodin yana fitowa wani babba wani ƙarami. Shi yana zaune a kan buhun fulawa yana nuna mata da haɓa.

Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka ba ni kujera. Sai ya ce, "Malam, ya idon? Da sauƙi dai?"

Da mari ya yi min da ya fi.

Asabar, 20 ga Satumba

Na je filin. Ba wanda ya ce min uffan, har Dogo bai tsokane ni ba, abin da ya fi komai ciwo. Gardama ta tashi a kan layi, ina zaune a benci, suka tsallake ni suka tambayi wani mai wucewa da keke.

Kuma hannuwa sun daina tashi. Sau huɗu na ga keta ƙarara, mai yin ta ya wuce abinsa. Wani ya ce, "Santsi ne," aka yi wata irin dariya mara daɗi. Kafin a tashi mutum biyu sun cakumi juna. Dokar da ta girmi zuwana ƙasar nan. Sati guda!

Litinin, 22 ga Satumba

Na ɗauki rabin rana na je ofishin shige da fice da kaina. Shekara huɗu ban taɓa taka ƙofarsa ba, Lauya ya ce zuwan mutum da kansa ɓata lamari yake. Aka ba ni lamba, na zauna awa biyu. Wata mata ce a bayan gilashi, mai tabarau da igiya a wuya. Ta buga lambar fayil. Ta sake bugawa. Ta cire tabarau.

"Malam, an rufe fayil ɗin nan shekara biyu da wata biyar da suka wuce."

Na ce ta sake dubawa, ƙila na wani ne. Ta juyo min da allon. Sunana, sunan matata, sunan Uwata.

Takarda ɗaya ce ta rage, takardar haihuwar yarinyar mai hatimi. Sau uku suka rubuta wa lauyana. Ba amsa. Suka rufe.

Shekara biyu da wata biyar ina zagin matar nan a raina ban san ta ba.

Ta ce hanya biyu ce. In lauyan ya rubuta ya sa hannu cewa sakacinsa ne, za a buɗe tsohon fayil, a duba yarinyar da shekarunta na wancan lokacin, shi ke nan ba fargabar Janairu. In ba haka ba, sabon fom daga farko. Kafin su tantance su ce sun karɓa akan ɗauki wata uku, wani lokaci biyar. In ranar haihuwarta ta riga su, uwar za ta iya zuwa, ita ba za ta iya ba.

Na zauna a tasha bas uku suka wuce ni. Biyu daga ciki ni na ɗaure musu birki.

Talata, 23 ga Satumba

Ofishin Lauya ya cika da fastoci, fuskarsa a kowane bango. Na ajiye masa takardar da matar ta buga min.

Ya karanta. Ina kallo gira ta tashi, kai ya karkata. A gabana! Sai na ji kamar ina kan bencin nan kuma.

Sakatariyarsa ce ta da, wadda ta bar aiki. Ko kuma masu kawo wasiƙu, ai na san yadda suke. Shi bai taɓa ganin wasiƙun nan ba. To in bai gani ba, me yake nufi duk lokacin da ya ce min ya kira su? Ya ce, "Yaya, ba na so in tayar maka da hankali ne."

Na ce na yafe duk wannan. Layi biyu kawai nake so, da sa hannu.

Ya rufe ƙofa. "In na sa hannu a wannan, ƙungiyar lauyoyi za ta kira ni, 'yan jarida su ji. Kwana sha takwas ya rage. So kake ka kashe ni?" Ya ce in yi magana a kansa ranar Asabar, ya ci, daga nan waya ɗaya zai ɗaga, ya san mutane.

Na ce, bayan zaɓen za ka sa hannu?

"Za a san yadda za a yi."

Na ce 'yar yayarka ce, kai ka yi mata huɗuba.

Ya ce, "Ni kuma na ɗauko ka daga tasha da jaka ɗaya."

Gaskiya ne. Abin haushin ke nan, gaskiya ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Na kira matata a lokacin hutun rana, ina zaune a kan tsohuwar taya. Na faɗa mata komai, har na filin.

Sai ta ce, "Ni na goya shi. Tun yana rarrafe in ya fasa kofi sai ya nuna kyanwa." Ta yi wata 'yar dariya, sai kuka.

Sannan ta ce, "Malam, ka yabe shi. Baki ne kawai, minti biyar. Ka shekara sha ɗaya kana haɗiye abin da ya fi wannan. Filin ƙwallo ya fi 'yarka ne?"

Tana da gaskiya, ita ta yi renon nan ita kaɗai.

Na ce, kin san shi fiye da ni. In ya ci zai sa hannu?

Ta ce ana sallama a ƙofa, ta kashe.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na rubuta jawabin sau uku. Duk abin da ke ciki gaskiya ne. Kuma duk ƙarya ne.

Asabar, 27 ga Satumba

A ɗakin cin abinci na gareji aka yi, bayan azahar. Mutum ya kai ɗari biyu, direbobi, kanikawa, masu wankin bas, da mutanen unguwa. Lauya a gaba cikin kwat.

Da niyyar yabonsa na tashi, Allah shaida. Takardar tana hannuna. Na faɗi na tasha, na faɗi na falo, na faɗi mutanen da ya tsaya wa a kotu ba su da kowa. Aka yi tafi. Saura layi na ƙarshe, inda na rubuta cewa mutum ne da za a iya ba wa amana.

Na kalli layin. Na tuna matar nan tana cire tabarau. Na ga in na karanta shi, Janairu za ta zo ta same ni a kujerar ofishinsa ina kallon girar nan, kuma wannan karon da sanina. Can baya kusa da ƙofa Mai Burodi yana tsaye, hannu a rataye a wuya.

Bakina ya ce, "Ranar sha uku ga wata, rana tana bayana."

'Yan filinmu kaɗai suka gane, sauran suna kallon juna. Sai na yi bayani. Na ce na ga kafaɗar, na ga turin, mutum yana sama. Na ce an tambaye ni na yi ƙarya, don ina da buƙata a wajensa. Ban faɗi maganar fayil ba, wannan ta gida ce. Na ce ban ce kada ku zaɓe shi ba. Ɗayan ɗan takarar ban san shi ba, bai taɓa zuwa filinmu ba, ƙila ya fi wannan muni. Abin da na sani kawai, wannan in ya karya muku abu ba zai faɗa ba.

Na zauna.

Ina jiran ya fusata. Ya tashi yana dariya, yana tafi! Ya karɓi makirfo. "Kun ga gidanmu? Ko surukina ba ya raga min. Wasa ne, jiki ya haɗu da jiki, ni ban ji na taɓa shi ba, amma Yaya ya ce ya gani, kuma Yaya babba ne. Irin wannan faɗin gaskiya zan kai majalisa!"

Suka tafa. Wallahi suka tafa, har da buga tebur. Na juya ina kallonsu baki buɗe. Mutanen da nake cin abinci da su kullum.

Ya zo ya rungume ni a gaban kowa. Turarensa ya cika min hanci. A kunne ya ce, "Ka zo ka kwashi takardunka."

Litinin, 29 ga Satumba

A wajen maigadin ofishinsa aka bar min takardun, cikin leda. Ban ma hau sama ba.

Wasiƙun uku suna ciki. A buɗe. Ta biyu tana da zoben kofin shayi, a bayanta kuma an rubuta lambar wayar wani da rubutunsa. Na san bakwai ɗinsa, mai sanda a ciki.

Na zaci na gama mamaki.

Talata, 30 ga Satumba

Matata ba ta ɗaga waya. Sau shida. Uwata ta turo saƙo: "Baba, Umma kuka take yi. Me ka yi wa Kawu?"

Me zan ce mata? Na ajiye wayar a aljihu na koma rami.

Ƙila na yi wauta. Ƙila da ya ɗaga wayar nan tasa. Ba zan taɓa sani ba, kuma in abin ya lalace wannan tambayar ce za ta kai ni kabari.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sabon fom shafi ashirin da shida ne. Na ɓata biyu, na koma na karɓo na uku. Mai tabarau ta gane ni. Ta ɗauki fensir ta yi min alama a wuraren da mutane ke kuskure, ba aikinta ba ne. Ta ce, "Takardar haihuwar nan mai hatimi, ita ce dai. Kada ka dawo babu ita."

Sai matata ta je ta karɓo a can. Na tura mata saƙo, ta karanta, ba ta amsa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Filin. Dogo ya ce, "Ga mai jawabi." Ya ce sun yanke wata guda ba ni da bakin alƙalanci, in zauna in yi kallo kamar kowa. Na ce daidai ne.

Mai Burodi ya zo kallo. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Can ya ce, bai ko kalle ni ba, "Ka makara da sati biyu."

Na ce na sani.

Ya ce Lauya ya aiko masa da kwandon 'ya'yan itace da kati. Ba kalmar haƙuri a ciki, Allah ya ƙara sauƙi kawai. Ya ce yaran sun cinye ayabar, ba laifinta ba ne.

Laraba, 8 ga Oktoba

Hoto ya shigo daga matata ina tsaka da canza mai. Takardar haihuwa, da jan hatimi a ƙasa, da rasit na masu kai saƙo. Ko kalma ɗaya babu. Tafiyar awa huɗu ce daga gidanmu zuwa ofishin da ke buga hatimin nan, kuma mota tana sa ta amai.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Lauya ya ci. Da rata ma. Motoci suna ta hon a ƙarƙashin tagata tun safe.

Ƙila ya gyara fitilun titin da ya yi alkawari. Yana da kai, yana da kuzari, ba na hana shi wannan. Ƙila a wayi gari ya yi kansila mai kyau, har ranar da zai yi kuskure.

Ni ban ji komai ba. Na wanke kayan aiki na shanya.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Takardar ta iso jiya. Yau na kai komai. Mai tabarau ta bi shafi-shafi da yatsa, ta buga tambari, ta miƙo min 'yar takarda mai lamba. "Wannan shaidar ka kawo ce kawai, Malam. Ba alkawari ba ne." Na ce na sani. Wata uku da kwana biyar suka rage. In sun yi sauri ya isa. In ba su yi ba, bai isa ba.

Shekara huɗu, yau na fara riƙe wata takarda ta maganar nan a hannuna. Ban san inda zan ajiye ta ba, na sa ta cikin littafin nan.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Matata ce. Ba gaisuwa. "Ban ce na huce ba."

Na ce to.

"Ƙanina ba ya gaishe ni. Inna ta ce ka tozarta mu a bainar jama'a."

Na ce to.

Sai ta ce, "Tagar ɗakin nan naka, faɗinta nawa ne? Yarinyar nan ba ta iya barci in haske yana shigowa. Akwai wani yadi da na gani."

Na ce ai ba a san ko za a... Ta ce, "Tambayarka na yi, Malam."

Na ɗauko tef a akwatin aiki. Mita ɗaya da ashirin faɗi, ɗaya da rabi tsawo. Na auna sau biyu. Ba wai na sa rai ba ne, na daina wannan tuntuni. Tambaya ta yi, na auna.

Da na gama sai na ga gilashin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin titi, ba zai yi kyau da sabon labule ba. Na ɗebo ruwa da tsumma. Shekara shida ina ɗakin nan, ban san ana hango bishiya daga nan ba.